Mai Jan Labarin Ma Yana Son Ya Ji Daɗi

Ƙannena maza da mata, tun da na lura wasunku sun fara taruwa ran Asabar bayan la'asar, kowa da takardarsa da fensirinsa, ana jefa dayis ana shewa, nake son mu zauna mu yi magana a kan mutum ɗaya da ke teburin nan. Shi ne wanda ya kafa ɗan kwali a gabansa don kada a leƙa abin da ya rubuta, wanda yanzu zai ƙanƙance murya ya zama tsohuwa mai sayar da magani, an jima ya buɗe maƙogwaro ya zama sarkin 'yan fashi. Kuna ce masa jagora. Na zauna a kujerarsa shekaru da dama, na kuma zauna a ɗaya gefen, kuma na ga ƙungiyoyi masu daɗi sun watse a gabana ba tare da an yi faɗa ba. Kusan duk wadda ta watse, dalilin ɗaya ne: an bar wani yana dafawa, wasu suna ci, ba a taɓa tambayarsa ko ya ɗanɗana ba.

Ga wanda bai san wasan ba, abin ba wuya. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya ba shi suna da sana'a da hali da rauni. Jagora shi ne duniyar da suke ciki. Zai ce: kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga hayaƙi yana tashi a ƙetare, rana ta kusa faɗuwa, me za ku yi? Wani ya ce zai yi iyo, wani ya ce zai nemi mai kwalekwale. Idan abin da mutum zai yi akwai haɗarin ya kasa, sai a jefa dayis, irin na lido amma mai fuska 20, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Ba a sa kuɗi, babu wanda yake cinye wani, saboda haka ba shi da haɗi da caca. Abin da ake tashi da shi labari ne wanda babu wanda ya san ƙarshensa kafin a zauna.

Kujerar jagora tana da tarihi, kuma cikin tarihin nan matsalar ta ɓuya. A 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyan sojojin Prussia wani wasan koyon yaƙi da ake yi a kan taswira, ɓangare biyu suna ba da umarni, alƙali a tsakiya yana faɗin abin da ya faru. Wannan alƙalin ba ya cikin wasan, aikinsa hukunci ne kawai. Irin waɗannan wasannin yaƙi suka yaɗu har suka zama abin sha'awar samari a Amurka, kuma daga cikinsu ne Dave Arneson na jihar Minnesota da Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin suka fito da Dungeons & Dragons, wanda aka buga a 1974. Sun mai da rundunoni mutane ɗaiɗaya, amma sun bar alƙalin a kujerarsa. Shi ya sa har yau mutane da yawa suke kallon jagora kamar alƙalin ƙwallo, wanda ba a tambayarsa ko ya ji daɗin wasa, sai dai a zage shi in ya hura usur ba daidai ba. Wasu kuma suka ɗauke shi abokin gaba. Gygax da kansa ya rubuta wani labarin kasada mai suna Tomb of Horrors, aka buga shi a 1978, cike da tarkuna masu kisa, don ya gwada 'yan wasan da suke taƙama babu abin da zai kayar da jarumansu. Daga baya wasu kamfanoni suka canza wa kujerar suna. A Call of Cthulhu na 1981 mai tsaron asirai ake ce masa, a Vampire: The Masquerade na 1991 mai ba da labari. Sunan ya canza, amma tambayar da aka fi mantawa da ita tana nan: shi wannan mutumin, me ya zo nema a teburin?

Bari in faɗa muku abin da na gani da idona. Muna da wani aboki da ya ja mana labari kusan shekara guda. A ɗakinsa muke haɗuwa. Shi zai share, shi zai aro kujeru, shi zai sayi ruwa da gyaɗa, in an ɗauke wuta shi zai kunna fitilar caji ya rataye ta a ƙusa. Tun ranar Laraba zai fara bin mu ɗaya bayan ɗaya a waya yana tambaya wa zai zo. Wata rana ya shimfiɗa mana taswirar wani birni da ya zana a kan takarda huɗu da ya manne da gam, ya shafa mata ruwan shayi ta yi ja kamar tsohuwa, ya ƙone gefenta da ashana. Kowace unguwa da sunanta, kowace ƙofa da mai tsaronta. A bakin ƙofar gabas ya ajiye wani tsoho makaho wanda, kamar yadda muka ji daga baya, shi ne yake riƙe da sirrin uban ɗaya daga cikin jarumanmu. Abokin nan ya gyara zama, ya sassauta murya, ya fara magana da bakin tsohon. Bai kai ƙarshen jimlar farko ba ɗaya daga cikinmu, idonsa a kan waya, ya ce: na sare shi, mu wuce. Biyu suka yi dariya. Na uku ya ɗago ya ce me aka ce? Ni kuma na yi shiru, kuma shirun nan yana cikin abubuwan da nake da-na-sani a kansu.

Bai yi fushi ba. Ya ce to, jefa dayis. Aka jefa, tsoho ya mutu. Na ga ya juya shafi uku na littafinsa a hankali ba tare da ya karanta ba, ya rufe. Aka ci gaba har dare. Mako na gaba ya ce yana da aiki. Na gaba ma haka. Ba mu sake shiga birnin nan ba, kuma mu da muke kiran kanmu abokansa muka yi wata guda muna cewa wai ya zama mai wuyar sha'ani.

Ku duba yadda nauyin yake rabe. A Dungeons & Dragons manyan littattafai uku ne, kowanne shafuka ɗaruruwa. Ɗan wasa yana buƙatar wani ɓangare na guda ɗaya. Jagora ana sa ran ya san ukun. Ɗan wasa yana riƙe da mutum ɗaya a kansa. Jagora yana riƙe da duk sauran mutanen duniyar, da yanayin sama, da farashin doki, da abin da kuka faɗa wa wani ɗan kasuwa wata biyu da suka wuce wanda ku kun manta. Ku kuna zuwa wasa na awa uku ko huɗu, shi kuwa tun farkon mako yake ciki. To idan a kan wannan kuma aka ɗora masa neman rana, da neman wuri, da sulhunta masu gardama, da tuna wa kowa dokar sihirin jaruminsa, ai ba wasa yake yi ba, aiki yake yi ba albashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani abu kuma ya ƙara wa jagororin yanzu nauyi wanda na da ba su sani ba. Tun 2015 ake nuna shirin Critical Role a intanet, inda Matthew Mercer ya yi shekaru yana jan labari, kuma samari da yawa daga nan suka fara sanin wasan. Sai su zo teburin abokinsu suna jiran ya yi musu murya ashirin, da kiɗa, da fitilu. Mercer sana'arsa ke nan, ɗora murya a finafinan zane da wasannin kwamfuta, kuma akwai ma'aikata a bayansa. Amma abin da masu kwatancen suke tsallakewa shi ne mutanen da ke zaune gabansa su ma ƙwararru ne a wannan sana'ar. Ku sake kallo, wannan karon ku bar shi ku dubi su. Ku ga yadda suke sauraro idan ba su ake magana da su ba, yadda suke rubuta sunaye, yadda wani zai yi shiru minti ashirin don ɗan'uwansa ya samu fili. Wanda yake son jagora irin wancan, ya fara zama ɗan wasa irin waɗancan.

Me za ku yi, ku da kuke ɗaya gefen? Ku fara da ɗauke masa duk abin da ba jan labari ba ne. Wani ya riƙe sa rana da tunatarwa. Wani ya riƙe abin taɓawa, a riƙa karɓa-karɓa. Wani ya riƙe littafin tarihin tafiya, ya rubuta sunayen garuruwa da alkawuran da aka ɗauka, a farkon kowane zama shi zai tuna wa jama'a inda aka tsaya. Wani mai tsara wasanni, Ben Robbins, ya taɓa gudanar da wani tsari da ya kira West Marches, inda ya ce shi ba zai sa rana ba, 'yan wasa ne za su haɗa kansu, su zaɓi inda za su je a taswira, sannan su neme shi. Ba lallai ku ɗauki tsarin gaba ɗaya ba, amma ku ɗauki hikimar cikinsa: wanda yake son wasa ya motsa ƙafarsa. Kowa kuma ya san jaruminsa. Ba daidai ba ne bayan wata shida har yanzu kana tambaya wace dayis za ka jefa in ka kai sara.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma ba ya cin kobo. Idan jagora ya miƙo muku wani abu, ku karɓa. In ya ce wata yarinya ta shigo masauki tana kuka tana cewa an sace yayanta, wannan shi ne abin da ya kwana yana shiryawa. Kana da 'yancin ka ce jaruminka ba ruwansa da kowa, amma ka tuna kai ka ƙirƙire shi a haka, kuma kai ne za ka iya nemo masa dalilin da zai sa ya tashi, ko da kwaɗayin lada ne. Na sha jin ana cewa ai haka halin jarumina yake, bayan mutum ya ƙone kasuwa ko ya saci kayan abokan tafiyarsa. Jarumin a takarda yake. Mutanen da ransu ya ɓaci kuwa ga su nan zaune kusa da kai, kuma gobe za ku haɗu a masallaci ko a aji. Ku yi tambaya a kan duniyar da aka gina muku. Wa ya gina hasumiyar can? Me ya sa mutanen garin nan ba sa cin kifi? Ku dubi fuskar jagora lokacin da aka yi masa irin wannan tambaya, za ku ga abincinsa ke nan. In an tashi kuma, kada ku tsaya a kan an gode. Ku faɗi takamaiman abin da ya burge ku, ku ce wallahi lokacin da mai kwalekwalen nan ya juyo ya kira sunana na ji tsigar jikina ta tashi. Wannan magana ɗaya takan riƙe mutum wata guda.

Waya kuwa a kife ta. In akwai kiran da kake jira ka faɗa tun farko.

Yanzu ku da kuke jan labari, ku matso, don ku ma akwai taku. Laifin da zan faɗa na aikata shi da kaina. Na taɓa rubuta wani labari tun daga farko har ƙarshe, na san wanda zai ci amana, na san inda sarki zai mutu, har kalmominsa na ƙarshe na tanada. 'Yan wasana suka gano maci amanar tun a zama na biyu, suka shirya masa tarko mai kyau wanda ban taɓa tunaninsa ba. Maimakon in yi murna, sai na jefa dayis a bayan kwali, na ga lambar da ta ba su nasara, na ce ya tsere. Suka bi shi, na rushe gada. Suka zaga, na kawo ambaliya. A zama na huɗu wata daga cikinsu ta ajiye fensirinta ta ce: yaya, ka faɗa mana abin da kake so mu yi kawai, mu yi. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Na sace musu abin da suka zo nema, wato su ga hannunsu yana canza duniya, kuma na sace wa kaina abin da ya fi komai daɗi a kujerar, wato mamaki.

Mun taso da tatsuniya, shi ya sa wannan kuskuren yake da saurin kama mu. Kaka ta san inda Gizo zai ƙare tun kafin ta buɗe baki, namu shi ne mu amsa, mu yi dariya, mu ji tsoro. A teburin nan kuwa masu sauraro su ne Gizo, kuma in suka ce ba za su shiga gonar sarki ba, to ba a shiga ba. Vincent Baker, a wasansa Apocalypse World na 2010, ya rubuta wa jagora doka a fili cewa kada ya tsara abin da zai faru, ya yi wasan ne don shi ma ya gano. Ku shirya mutane da buƙatunsu, da wurare, da rikicin da ke tafasa, ku bar ƙarshe a buɗe. Za ku ga aikin shiri ya ragu, jin daɗi ya ƙaru. Wanda kuma ya ga lallai yana da labarin da ba ya son kowa ya taɓa, to ya rubuta littafi, abu ne mai daraja, kuma masu karatun Hausa ba su taɓa gajiya da sabon labari ba.

Aikin jagora na gaske shi ne raba fili. Robin Laws ya rubuta ɗan littafi a 2002 a kan jan wasa, ya nuna mutane ba abu ɗaya suke nema ba. Wani faɗa yake so, wani dabara, wani ya shiga rigar jaruminsa ya yi ta magana, wani ƙarfi da kaya yake tarawa, wani kuwa ya zo ne kawai don abokansa suna nan. Duk halal ne. Amma masu baki sukan cinye filin marasa baki. Akwai wani yaro a teburina da zai yi awa biyu bai ce uffan ba. Wata rana ana cikin gardama a kan yadda za a shiga wani gida, na ɗaga hannu na tsayar da kowa, na kira sunan jaruminsa na ce: kai da kake tsaye a bayansu, ka ga wani abu ya motsa a taga, me za ka yi? Ya yi jim, sannan ya ce zai ajiye takobinsa a ƙasa ya yi sallama. Duk muka yi tsit. Babu wanda ya yi tunanin sallama, har ni. Dole na ƙirƙiri wadda za ta amsa nan take, kuma matar da ta fito daga gidan nan ta zama mutumin da muka fi so a labarin gaba ɗaya. Don haka kada ku tara mutum takwas a tebur ɗaya saboda kunyar cewa a'a. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Huɗu ko biyar sun isa kowa ya samu rabonsa.

Kafin a fara sabon labari, a ware zama guda na share fage, ba jefa dayis, magana kawai. Kowa ya faɗi abin da yake so da abin da ba ya so ya ji. A yarda a kan lokacin farawa da tashi, da tsayawa in an kira salla, da yadda za a yi in mutum ɗaya bai zo ba. A wasu teburan ana ajiye kati mai alamar X a tsakiya, dabarar da John Stavropoulos ya fito da ita, duk wanda abin da ake faɗa ya dame shi ya taɓa katin, a wuce wurin ba tare da an tambaye shi dalili ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a zaman nan jagora ma yana da baki, kuma katin nan nasa ne shi ma. Ya ce ni labarin siyasar fada nake sha'awa, ba na son in kwana ina lissafin faɗa. Ya ce ni ba zan kwaikwayi azabtar da mutum ba, ko me jarumanku suka yanke. Jagorori da yawa suna jin kunyar faɗin abin da suke so, suna ganin kamar son kai ne. Sai su yi shekara suna jan labarin da ba ya musu daɗi, har ranar da za su ce suna da aiki.

In ka gaji, ɗan'uwana, ka faɗa da bakinka tun kafin gajiyar ta zama ƙiyayya. Ka ce ina buƙatar hutun wata guda, wa zai karɓa? Wannan ba sabon abu ba ne. Ars Magica, wanda Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen suka fitar a 1987, an gina shi ne a kan karɓa-karɓar kujerar a cikin duniya ɗaya. Fiasco na Jason Morningstar, na 2009, ba shi da jagora sam, ana gama shi a zama ɗaya. Ina kuma ba kowane ɗan wasa shawara ya ja labari ko sau ɗaya ne, ko da na dare ɗaya. Wanda ya taɓa zama a bayan kwalin nan, idanun mutum biyar a kansa suna jira, ba ya sake duba waya idan wani yana magana.

Abokin nan mai taswira, sai da aka yi kusan shekara biyu kafin na same shi na ba shi haƙuri a kan shirun da na yi. Ya ce ba komai, ya wuce. Na ce ina jan wani ɗan labari, ko zai zo ya zauna a matsayin ɗan wasa, ba abin da zai kawo sai kansa. Ya zo. Ya ƙirƙiri wani tsoho makaho mai tsaron ƙofa, ya ba shi sanda da murya mai sanyi. Da ya buɗe baki a karon farko, wanda ya sare tsohon nan a wancan daren yana zaune a gefensa. Ya kife wayarsa, ya jawo kujera, ya ce: baba, muna jin ka.